Ɓawon da Ta Shafe a Bayan Mijinta

Akwai wata mai shagon kayan kwalliya da ake yi wa laƙabi da Uwar Santsi. Takan bugi ƙirji ta ce babu fatar da ta gagari haɗinta.

Kwatsam sai ga wasu tabbai sun fito a bayan mijinta, wanda tela ne. Kowanne zagayayye kamar an kifa kofi an zana, ya bushe yana ɓawo irin na kifi. Ba ƙaiƙayi, ba zafi.

Ta ce, "Kada kowa ya gani! A ji mijin Uwar Santsi yana saɓa kamar ƙadangare? Ai sai in rufe shago."

Ya yi dariya ya ce, "To ranki ya daɗe, ga bayan nan, naki ne."

Ta duƙufa gurza da shafa. Ɓawon ya kwanta da safe, ya dawo da yamma. Shi kuwa sai ramewa yake, har ya hau keken ɗinki ya rage ƙugun wandunansa da kansa.

Ƙanwarsa ta matsa sai an je asibiti. Ranar tafiya Uwar Santsi ta dirje bayan nan, ta mulke shi da mai har yana sheƙi, don kada a ce ta kasa da miji. Gajiya kawai suka ambata. Likita ta duba, ta rubuta magani, suka dawo.

Bayan watanni ya yanke jiki ya faɗi a kan kekensa. Maƙwabta suka wuce da shi asibiti, matar ta biyo a guje.

Likita ta ɗaga rigarsa, ta tsaya cak. "Zuwanku na farko wannan yana nan?"

"Yana nan... na shafe shi ne."

"Baiwar Allah! Wannan ciwon ba kasafai ake ganinsa ba. Wani lokaci a fata yake tsayawa, wani lokaci kuma alamar cuta ce a ciki. Da na gani, da tun ranar na tura shi gwaji."

Sakamako ya fito: ƙari ne a hanta, kuma ya yi nisa.

Uwar Santsi ta rafka salati. Ta buɗe jaka za ta ɗauko hankici, sai hannunta ya taɓa kwalbar man. Ashe ko a gujen nan sai da ta tsaya ta ɗauko ta.

Darasi: Kada kunya ko girman kai su sa mu ɓoye wa likita abin da jiki ya nuna. Duk canjin fatar da ya ƙi tafiya, a kai shi yadda yake. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai shafe nasa yanzu.