Ƙofar Da Aka Saba Ɗaurewa Da Igiya

An yi wani mutum a Kazaure, mai gyaran jikin mota. Ba zan faɗi sunansa ba, danginsa suna nan. Hannu gare shi. In mota ta lotse ya buga ta, sai ka rantse ba ta taɓa karo ba.

Mahaifinsa ya rasu ya bar wata tsohuwar Fijo, wadda a da take jigilar 'yan kasuwar Babura. Sai ya ɗaura niyyar mayar da ita sabuwa. Ya tsallaka har Damagaram ya samo bonet da madigadi da ƙofofi na irinta. Ya yanke inda tsatsa ta ci, ya yi walda, ya goge. Inji ya tashi. Ƙofar gaba kaɗai ta rage, ta gefen da mahaifiyarsa Zaituna take zama a zamanin mijinta.

Ita kuwa tsohuwar tana da wa a Gwiwa, Hamma take ce masa. Sun taɓa saɓawa, an daɗe ba a gaisa ba. Da ta ji ya kwanta ciwo, ta ce a kai ta su yafi juna. Ƙafa ta ƙi, ba ta iya hawa babur. Ta ce ko motar haya ce a sa ta. Ɗan ya hana. Wai uwar mai gyaran mota ba za ta matsu da buhuna ba, a Fijo zai kai ta, mutanen Gwiwa su fito su gani.

Ya 'yan uwa, kun ji inda Shaiɗan ya shigo? Bai zo da giya ko caca ba. Da sunan girmama uwa ya zo.

Ƙofar nan tana rufuwa fa. Sai dai akwai 'yar tazara a sama, kuma ƙarar rufuwarta ba ta yi masa daɗi a kunne ba. Ya kwance, ya ɗaura, ya sake kwancewa. Kullum Inna ta tambaya, sai ya ce saura kaɗan.

Ran nan ta dafa bango ta fito har inda yake aiki, ta ce masa a hankali, "Kai, ɗaure ta da igiya mu tafi. Mahaifinka da igiya yake ɗaure ta, kuma ba inda bai kai ni ba."

Ya yi dariya, ya ce, "Inna, bari dai zuwa Juma'a."

Kafin Juma'ar Hamma ya cika.

A lokacin ƙofar ta gyaru. A Fijon aka kai tsohuwa gaisuwa. Ya zaunar da ita, ya tura ƙofa, ta rufu ruf, yadda ya daɗe yana so. Tsohuwa ta shafa ta da tafin hannu, ta ce, "Ashe ta rufu." Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba. Da ta yi faɗa ma da ya fi masa sauƙi. Damina ba ta kewayo ba ita ma ta bi wanta.

Tun daga nan guduma ta gagare shi. In ya ɗaga sai ya ajiye. Masu motoci suka yi haƙuri, suka gaji, suka kwashe. Garejin ya zama makwancin awaki. Na wuce da kaina na gan shi zaune gefen Fijo, tayoyi sun sace, yana buɗe ƙofar nan yana rufewa.

Wa ya yaba ƙofar a Gwiwa? Wa ma ya dube ta a gidan makoki?

Malamai sun gaya mana iyaye ƙofar Aljanna ne. Kuma ita ba a samo ta a Damagaram. Wanda tsohuwarsa ke da rai, ta roƙe shi abu, ya yi yau da abin da ke hannunsa, ko igiya ce. Alherin da ake jira sai ya yi kyau a idon mutane, riya ce ta sa riga.

Allah ya jiƙan Zaituna da wanta, ya haɗa su inda ba saɓani. Shi kuma Allah ya sassauta masa. Mu da muka ji, Allah ya kiyaye mu da "saura kaɗan". Amin.