Madam Sa'a da Ƙoƙon Kan Akuya

Akwai wata malamar makaranta 'yar Damagaram mai suna Sa'a, wadda aka tura aiki Arlit a shekarun da uraniyom ke tashe. Lokacin garin kullum ƙara faɗi yake. Kamiyo, wato manyan motocin kaya, na sauke mutane daga Maraɗi da Tawa da Katsina, kowa ya zo neman aikin ma'adini ko kasuwa, kowa kuma da 'ya'yansa.

Aji ɗaya aka ba ta a wata lakwal, wato makarantar boko, da ke bakin gari. Yara sittin da uku, wasu Hausa suke ji, wasu Tamajak na Abzinawa, wasu Fulatanci, wasu Barbarci. Faransancin da za a koyar da su da shi kuwa, babu ko ɗaya da ya zo da shi daga gida.

Daraktan makarantar, wato shugabanta, sunansa Mushe Harisu (Mushe shi ne Malam a Faransanci), mutumin Tawa ne da ya yi karatu a Yamai. Ko ana zafin da ƙarfe ba ya taɓuwa, ba ya fitowa sai da kwat. Yana da wani ƙoƙon kan akuya da aka zura wa igiya. Duk yaron da aka ji ya yi wani yare ba Faransanci ba, shi za a rataya wa. Shi kuma sai ya yi ta farautar wani da zai yi kuskure don ya sauke masa. Wanda aka tashi yana wuyansa, bulala biyar.

A ajin Madam Sa'a akwai wata yarinya 'yar shekara bakwai, Dassin. Ubanta Almustafa Ba'abzine ne, fari ya cinye masa raƙuma a wajen Gugaram, ya shigo gari ya zama mai gadi. Dassin ba ta jin Faransanci, Hausar ma kaɗan-kaɗan. Sati na farko sau huɗu ƙoƙon yana kwana a wuyanta. Daga nan ta gano dabara, ta daina magana kwata-kwata. Ko ƙishirwa take ji ba ta neman ruwa.

Wata rana Almustafa ya tsaya a ƙofar aji da rawaninsa. Ya ce wa Madam Sa'a zai cire 'yarsa.

Ya ce da Hausarsa ta Abzinawa, "Yarinya na yana da surutu, yana waƙa tun safe. Na kawo shi nan, ya zama bebe. Wannan ne karatu?"

Ta roƙe shi ya ba ta wata ɗaya. Ya ce ya ba ta.

Ranar Alhamis akwai darasin waƙa. A littafi, waƙar da za a koya ta wata gada ce a ƙasar Faransa, yaran kuwa ko kogi ba su taɓa gani ba. Madam Sa'a ta rufe littafin. Ta ce musu da Hausa kowa ya tashi ya yi waƙar da ake yi masa a gida.

Yara suka kalli juna, suka kalli ƙofa. Da ta ga tsoro ya hana su, sai ta fara da kanta, ta yi wata waƙar daka da kakarta ke yi. Wata 'yar Katsina ta kama mata amshi. Wani ɗan Fulani ya yi tasa. Aji ya fara ɗumi.

Can sai aka ji wata siririyar murya daga bencin baya. Dassin ce, idonta a rufe, tana buga benci da tafin hannu. Waƙar jan ruwa a rijiya ce. Da ta gama, Madam Sa'a ta miƙa mata alli ta ce ta zana abin da ta rera. Ta zana rijiya da guga da raƙumi yana ja. Malama ta rubuta sunan kowanne da Faransanci a ƙarƙashinsa, ta faɗa, aji ya maimaita. Dassin ma ta maimaita. Kalmominta uku na farko ke nan.

Ana cikin haka Mushe Harisu ya shigo, ƙoƙon na hannunsa. Ya ji waƙar tun daga ofis. Ya wuce kai tsaye ya rataya wa Dassin.

Madam Sa'a ta taka har wurin. Ta cire igiyar daga wuyan yarinyar, ta zura a nata.

Ta ce, "Mushe, ni na fara yi, ni kuma na sa su. In akwai bulala, tawa ce."

Ya ce ta cire shi nan take. Ta ce sai ran da aka daina rataya shi a wuyan yaro.

Da shi ta gama darasi, da shi ta bi ta kasuwa ta koma gida. Mata suna leƙowa, masu shaguna suna dariya. Maƙwabciyarta 'Yargata mai tuwo ta ja ta gefe ta ce ta rufa wa kanta asiri, mace mai albashin gwamnati ba ta wasa da darakta. Madam Sa'a ta ce ta ji, ta gode. Washegari ta sake ratayo shi ta tafi aiki.

Mushe Harisu ya sa aka huda gwangwanin kifi aka yi wani sabo. Yaron farko da aka rataya wa, Madam Sa'a ta tare shi a tsakar makaranta ta karɓe, ta haɗa biyu a wuyanta. Tana tafiya suna ƙwanƙwasar juna. Bai sake yin na uku ba, don labarin ya riga ya kai har ƙofar ma'adini. Sai ya zauna ya rubuta wa sufeton makarantu a Agadas cewa malamar ta karya doka, tana ɓata yara da kiɗe-kiɗe, a mayar da ita daji ko a sallame ta.

Ta san da takardar. Ta kuma san in aka kore ta babu wanda zai tsaya mata. Akwai ranar da ta zauna ta yi kuka ita kaɗai bayan an tashi. Amma ba ta canza komai ba. Kowane sabon abu sai ta fara bayyana shi da harshen da yaro ke ji, in ba ta iya ba ta sa wani yaro ya fassara, a zana shi, a sa shi cikin waƙa, sannan a faɗe shi da Faransanci. Wata ya cika, Almustafa bai zo ɗaukar 'yarsa ba.

Sati shida bayan haka sufeto ya iso, wani dattijo mai ƙarancin magana. Ya kalli abin da ke wuyan malamar. Mushe Harisu da kansa ya zaɓi wadda za a gwada, ya nuna Dassin.

Sufeto ya ce mata da Faransanci ta je ta zana gidansu. Ta je ta zana tanti da itace da akuya biyu. Ya nuna kowanne, ta faɗi sunansa. Ya tambaye ta ina babanta. Ta ce yana gadi. Jimlar a karkace take, amma tata ce, ba hadda ba. Ya gwada yara bakwai, shida suka amsa.

Mushe Harisu ya ce wannan ai wasan yara ne, a zo ajinsa a ga karatu na gaskiya. Ya ce Madam Sa'a ma ta biyo ta koya.

Shi aji uku yake riƙe da shi, kuma wadda ke zuwa ta ɗaya 'yarsa ce, Madina. Ya sa ta tashi. Ta karanto shafi guda da ka, ba gargada, har lanƙwasa harshe take kamar Bafaranshiya. Ubanta yana gyara kwat.

Sufeto ya yaba mata. Sannan ya miƙa mata alli, ya ce ta zana masa abu ɗaya daga cikin abin da ta faɗa.

Madina ta tsaya gaban allo. Ta ɗaga hannu, ta sauke. Ubanta ya daka mata tsawa da Faransanci. Sai allin ya faɗi, ta fashe da kuka, ta juyo ta ce da Hausarsu ta gida:

"Baba, ban san mi nike hwaɗi ba. Tun aji guda ban sani ba. Tsoro nike ji."

Yara sun san doka, don haka duk idanunsu suka koma kan wuyan Madam Sa'a.

Ta matso gaban Mushe Harisu, ta ɗan sunkuyar da kai yadda hannunsa zai kai.

Ta ce, "Ga shi, Mushe. Ta yi Hausa. Ni ba zan rataya mata ba. In za ka yi, cire da hannunka."

Ya ɗaga hannu har ya taɓa igiyar. Ya kalli 'yarsa tana shessheƙar kuka, ta riga ta miƙo wuya tana jira, kamar yadda ta saba ganin sauran yara suna yi. Hannun ya sauko. Ya juya ya fita daga ajin.

A ofis sufeto ya gaya wa Madam Sa'a gaskiya. Ya ce doka tana bayan darakta, kuma shi ba shi da ikon canza ta, saboda haka dole ya rubuta mata gargaɗi. Amma ba zai ɗaga ta daga Arlit ba, kuma ba ya son ya sake jin an rataya wa yaro wani abu a makarantar. Ta ce ta karɓi gargaɗin, sai dai gara ya sani tun yanzu, gobe ma haka za ta koyar. Ya ce shi bai ji wannan ba, ya ɗauki jakarsa.

Gargaɗin ya ja mata shekara biyu ba ƙarin girma. Ba ta taɓa neman a goge shi ba.

Mushe Harisu ya yi wata biyu ba ya gaishe ta. Wata ranar Alhamis sai ga shi a ƙofar ajinta, riƙe da hannun Madina. Ya ce, da Hausa, ko akwai wuri a benci in an zo darasin waƙa. Madam Sa'a ta ce akwai wurin mutum biyu. Ya yi kamar zai juya, sannan ya shigo ya zauna a baya, gwiwoyinsa sun tokare bencin gaba, ya ciro takarda da biro.

Darasi: Yaron da ka tsorata zai iya haddace maka shafi guda, amma ba zai gane ko layi ɗaya ba. Kada ka sa yaro ya ji kunyar harshen uwarsa, ta nan ilimi yake fara shiga. In kuma ka ga ana zaluntar wanda ba shi da bakin kare kansa, ka tsaya masa ko da kai za ka ɗauki hukuncin. Ku tura wa malamai da iyayen da kuka sani, wataƙila akwai yaron da ya yi shiru a wani aji yana jiran mai tsaya masa.