Tarwaɗa da Kumfa Mai Gudu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, muna saurare.

Tarwaɗa ce a gindin tafki, ba ta yarda da kowa. Ran nan ƙwanta ya ɓata, sai ga kumfa 'yar mitsitsiya ta ɓullo daga laka, tana hawa tana kumbura tana ƙara gudu.

Tarwaɗa ta dubi wani kwaɗo da ke kusa ta ce, "Kwaɗo, me ta haɗiye take gudu haka?"

Ya ce, "Iska ce kawai, yaya. Nauyin ruwa ke danne ta. In ta hau ya sassauta, sai ta buɗe ta ƙara sauri."

Ta ce, "Ashe bakinku ɗaya."

Ta bi ta har sama. Kumfa ta fashe, babu komai ciki. Zalɓe kuwa, dama inda kumfa ke fashewa yake kafa ido. Caraf, ya cafke Tarwaɗa.

Ƙurunƙus, yau kan kifi ne, ba na ɓera ba.