Dalilin da Ya Sa Yunwa ke Fara Sauka a Gidan Manomi

Dalilin da ya sa mai noman hatsi ke riga kowa jin yunwa, ku matso ku ji, ku bar mutsu-mutsun nan.

A da can, Yunwa wata tsohuwa ce ƙanjamammiya da ba ta da masauki. Ba ta iya zama sai a cikin rumbun da babu komai, ga shi a lokacin kowane rumbu cike yake har wuya. Duk ƙofar da ta yi sallama, sai a kore ta da muciya.

Da ta gaji, sai ta je wurin wani ɗan kasuwa, Alhaji Ɗangaske, mutumin da ko fartanya bai iya riƙewa ba sai cika tumbi. Ta ce, "Alhaji, ka kwashe mini rumbu ɗaya in samu wurin zama. Ni kuma in na zauna, mudunka ɗaya sai ya zama uku."

Ya shafa gemu ya ce, "Iya, ai kin zo gida."

Akwai wani manomi, Nomau. Wajen noma jarumi ne, amma wajen son a yabe shi, tir! Da kaka ta yi, Alhaji ya zo masa da babbar riga mai aiki har ƙasa, da maroƙa biyu a bayansa. Suka hau kirari: "Nomau gagarau, mai rumbu ya fi mai gari!" Gogan naku sai kai ya kumbura. Ya miƙa wa maroƙa dami biyar, sauran ya ce Alhaji ya kwashe ya bar masa rigar.

Matarsa Tabawa ta tare bakin rumbu ta ce, "Malam, ka dubi yaran nan huɗu. Me za su ci kafin wata kakar? Ko irin shuka ka bari."

Ya ce, "Kauce! Wanda ya noma wannan zai noma wani."

Jakunan Alhaji ba su gama fita ba, Yunwa ta haye rumbun ta shimfiɗa tabarmarta.

Damina ta faɗi, tukunya ta bushe. Yaran suka koma tafasa da rama, autarsu Delu har ta daina kuka don babu ƙarfi. Tabawa ta ce, "Malam, yanko mana hannun rigar in sa a tukunya."

Kunya ta kama shi, ya naɗe rigar ya nufi wurin Alhaji. Ga damman geronsa jibge, har ɗaurin hannunsa ya gane. Alhaji ya juya rigar ya taɓe baki ya ce, "Ta sha jiki. Mudu biyu."

"Alhaji, rumbu guda fa na ba ka!"

"Da kaka ke nan. Yanzu damina ce."

Mudu biyun nan ba su ceci ran Delu ba. Nomau ya dawo daga maƙabarta, ya ɗaga fartanya, hannu ya ƙi. Gona ta cika da ciyawa, rumbu bai sake cika ba, Yunwa kuwa ta ƙara tabarma ta kira 'yarta Talauci.

Shi ya sa har yau, da kaka manomi ke sayarwa da araha, da damina ya sayi guminsa da tsada. Ku leƙa rumbunsa a watan marka, tsohuwar tana nan zaune, Alhaji kuwa sai ƙiba yake yi.