Fiffiken Ɗan Kwalisa

An ce tun da aka halicci tsuntsaye ba a taɓa zaluntar wani kamar yadda aka zalunci Ɗan Kwalisa ba. Shi dai ya faɗi haka, yana maƙale a saman labule, tukku a miƙe. Farin aku ne mai rawayan tukku, ya manyanta amma bai yarda ba. Uwar ɗakinsa, Hajiya Turai mai haɗa turaren wuta, tana tsaye da almakashi za ta rage masa fiffike, don ta tarar da kwalbar humra a kife.

"Sauko, ɗan nema."

"Hajjaju, ranki ya daɗe! Ni za a datse? Ni da nake kaɗawa in yi lilo, in karkace hagu don jama'a su ga rawayar hammatata? Saurari abin da ya sami wani kafinta a Damagaram."

"Ina ji. Almakashin ma yana ji."

"Kafintan nan yana da aku irina, sai dai bai kai ni kyau ba. Ran da ya tashi yanke masa fiffike, wani tsohon talotalo ya ce, 'Maigida, dakata ka ji labarin wata mai akuya. Akuyar nan tsalle kawai take so. Matar ta gaji da kallon tsallen, ta ɗaure ta a rumfa. Akuya ta rasa abin yi, ta cinye igiya, ta cinye zanan rumfa, ta gangaro kan zanen sallar matar. Maigida, in ka hana akun nan tashi, bakinsa zai karɓi aikin.'

"Kafinta ya yi dariya, ya yanke. Aku ya dawo ƙasa. Gadon amarya da aka kawo aiki, ya mai da shi asawaki. Ga ihu tun asuba, har maƙwabta suka kai ƙara gun mai unguwa. To, Hajjaju, shi wancan akun, katako ya samu. Ke kuwa ɗakinki cike yake da itacen turare."

Hajiya ta waiga ta dubi buhunan itacen sandal ɗinta.

Ɗan Kwalisa ya ƙara da cewa, "Kuma tsakani da Allah, fiffike bai taɓa kwalbar nan ba. Da baki na kwance murfin, don in ɗan shafa a tukku."

Dariya ta ƙwace wa Hajiya har ta dafa bango. Ta ajiye almakashin.

"Na ji, na yarda. Wannan baki gara yana sama. Tashi, makiri, ka yi ta lilonka."

Ya tashi da ihu, ya karkace hagu, ya dira a kan ɗankwalinta.