Babin da Ɗansa Ya Cire

Akwai wani dattijo marubuci da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan littafi guda: labarin wasu masarautu a bayan duwatsu, da dodanni masu fukafukai, da wa da ƙani masu rikicin gadon sarauta. Jikokinsa kan tsokane shi cewa littafin ya isa a yi matashin kai da shi.

Da wani gidan talabijin ya tashi mayar da littafin shiri mai dogon zango, sai aka ba babban ɗansa aikin darakta. Tsohon ya yi murna, amma hankalinsa bai kwanta ba.

Wata rana ya je wurin ɗaukar shirin. Ya tarar da fitilu, da takubban roba, da ƙaton kan dodo na kwali jingine da bango. Ya zauna yana kallo, can ya kira ɗan.

"Ina babin da wan ya ajiye takobi ya yafe wa ƙaninsa?"

"Na cire shi, Baba. Masu kallo yaƙi suke so. A namu, kashe shi zai yi."

"Ka rage dodannin in kana so, ka haɗe masarautun. Amma saboda wannan babin na rubuta sauran."

Ɗan ya yi dariya a gaban ma'aikata. "Baba, takarda daban, kyamara daban. Je ka gida ka huta." Ya kuma ce wa mai gadi kada ya sake barinsa ya shigo.

Tsohon ya ɗauki sandarsa ya fita.

Da aka fara nuna shirin, masoyan littafin suka ce wannan ba labarin da suka sani ba ne. Mutane suka daina kallo, gidan talabijin ya dakatar da shi tun bai kai rabi ba.

A lokacin ciwo ya riga ya kwantar da tsohon, idonsa ma ya tafi. Ɗan ya zo ya durƙusa a bakin gado.

"Baba, ka yafe min. Ban taɓa karanta littafin duka ba. Taƙaitawar da aka yi min kawai na duba."

"Na sani," in ji tsohon. Ya laluba ya dafa kansa. "Ɗauko shi ka karanta min. Na yi kewarsa."

Kullum da safe sai ya zo ya karanta masa. Sannu a hankali ya fara tsayawa yana tambaya, uban yana amsawa da murya ƙasa-ƙasa.

Ba su kai tsakiyar littafin ba, Allah ya yi wa tsohon rasuwa. Ɗan ya ƙarasa karatun shi kaɗai a ɗakin, da tambayoyi cike da bakinsa, babu mai amsa masa.

Darasi: Kafin ka gyara aikin wani, ka fara saninsa. Kuma ka saurari iyayenka tun suna iya ba ka amsa. Ku tura wa wasu, wataƙila wani ya koma gida yau.