Ƙofar Bayan Da Manaja Ya Toshe

Akwai wani manajan kamfanin ɗinki, matashi mai son a yaba masa. Mata talatin ke aiki a ƙarƙashinsa a saman bene. Babbarsu ita ce mai yankan yadi, wadda kowa ke kira Inna. Ta fara aiki a wurin tun yana firamare.

Da hutun ƙarshen shekara ya matso, aka ce mai kamfani zai zo walimar ma'aikata. Manaja ya sa aka ƙawata ɗakin ɗinki da ƙananan fitilu masu launi da furannin takarda. Duk fitilun a soket ɗaya aka jona su, wayar ta bi ta ƙarƙashin tarin yadi. Ƙofar baya kuwa ya ce za ta ɓata hoto, sai aka jingina mata ƙaton allo, aka jibge kwalaye a gabanta.

Inna ta taɓa soket ɗin, ta janye hannu da sauri.

"Ranka ya daɗe, abin nan ya ɗau zafi. Ƙofar nan ma a bar mana ita a buɗe."

Manaja ya yi dariya. "Inna, yaushe kika koma mai gyaran wuta? Kwana biyu ne fa."

"Ɗana, ɗakin nan duk yadi ne."

"Ki je ki yi yankanki, don Allah."

Wasu suka taya shi dariya. Inna ta koma kan yankanta.

Ranar walima, da rana tsaka, ana jera kujeru sai aka ji ƙauri. Kafin a gano daga ina, wuta ta kama yadin, ta bi furannin takarda har silin. Aka ruga ƙofar baya, allo da kwalaye sun tare ta. Kowa ya juyo matattakalar gaba, ana ture juna cikin hayaƙi.

A ƙasa Inna ta bi fuskoki da kallo. Babu matar da ke yi musu guga. Kurma ce, tana can ɗakin ciki, ba ta san me ake ciki ba.

Inna ta jiƙa mayafinta, ta nufi sama. An riƙe ta, ta fizge.

Ta fito da ita kuwa. Amma a bakin ƙofa Inna ta yanke jiki ta faɗi.

Washegari manaja ya je asibiti. Ya tsaya a bakin gadon Inna ya kasa haɗa ido da 'yarta da ke jinyarta. Inna ta buɗe ido, muryarta a dushe.

"Kowa ya fita?"

"Kowa ya fita, Inna. Ki yafe mini."

"To, alhamdulillahi. Share hawayenka, babba da kai."

Kwana uku ta ƙara, Allah Ya karɓi abarsa. Kamfanin bai sake buɗewa ba. Mai guga kuwa ta ɗauki watanni tana zuwa bakin ginin kowace safiya, ta tsaya jim, sannan ta juya gida.

Darasi: Ado na kwana biyu bai kai ran mutum ɗaya ba. Kada a cika wa soket kaya, a nisanta waya daga yadi da takarda, kada a toshe ƙofar fita ko don wa zai zo. In na ƙasa da kai ya ja kunnenka, ka saurara. Ku tura wa abokan aikinku kafin su fara ƙawata wurin aikinsu.